Abin da Laraba Ba Ta Tambaya Ba

Da za a ce in nuna mutum ɗaya cikin waɗanda muka yi kwaleji tare, wanda ba zai taɓa tayar wa kowa da hankali ba, Laraba zan nuna, ko tsayawa tunani ba zan yi ba. Ɗaki ɗaya muka zauna da ita a kwalejin horar da malamai a Katsina tun daga shigarmu har fitarmu, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ni kuwa, Rabi'atu, duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya mutuwa, ko malamanmu sun sha fama da ni. Amma ba ni ce na watsa taron tsofaffin ɗalibai da muka daɗe muna shiryawa ba. Laraba ce, kuma har yau idan na tuna ranar sai in ji jikina ya yi sanyi.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Zango. Babanta manomin gero da gyaɗa ne, uwarta kuma Bafulatana, irin matan nan da ko sunan miji aka ambata sai sun sunkuyar da kai. Sunanta na yanka Amatullah, amma in ban da takardun makaranta ba inda ake kiran ta da shi. Tana gama sakandare aka yi mata aure da Malam Ja'afaru, wani malamin firamare na garinsu, mutum mai son karatu har ya so ya yi yawa. Shi ya ɗauko ta a kan babur ya kawo ta tasha, ya ce sai ta zama malama ko tana so ko ba ta so. Tana shekara ta biyu ta haihu, namiji. Bayan arba'in ta dawo makaranta da shi a goye, da kwanon koko a hannu, ta ci gaba da karatunta.

A nan muka fara ganin ikon Allah. Yaron ɗan fari ne, Laraba kuwa ta taso a gidan da kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Za ta yi masa wanka, ta ba shi nono, ta wanke ɗan tsummansa fes, amma ba za ta yi masa wasa a gaban mutane ba, kuma ba za ta faɗi sunansa ba ko da wuƙa aka sa mata a wuya. In ka tambaye ta sunansa sai ta ce, “Tambayi Rabi.” In yana kuka a aji sai ta ce, “Wannan yaron ya dame ni,” kamar ɗan maƙwabta aka ba ta ajiya. Ni na san sunansa Musaddiq, don na je suna. Sauran 'yan aji kuwa da suka gaji da tambaya sai suka laƙaba masa Malam Ƙarami, ya bi shi.

Ta ukunmu a ɗakin ita ce Zubaida, 'yar wani babban gida a cikin birnin Daura. Zubaida ba muguwa ba ce, kar in ɗauki alhakinta. Tana da kyauta, tana da ƙoƙari a aji, sai dai akwai ƙyanƙyami da iyayi. Mijinta ma'aikacin banki ne a Kaduna. Ita ma ta haihu muna shekarar ƙarshe, mace, ta sa mata Firdausi. Ita kam babu ruwanta da wata kunyar 'yar fari. Tun daga bakin famfo za ka ji tana kwaɗa kira, “Firdausi! Firdausina!” ga jaririyar da ko wuyanta bai tsaya ba.

Da lokacin koyarwar gwaji ya zo, wadda muke ce wa TP, sai aka tura mu mu uku wata firamare a ƙasar Zango, can ciki, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Mai gari ya ba mu ɗaki a gidansa. Tun ranar da muka sauka Zubaida ta leƙa rijiyar gidan ta yatsine fuska, ta kafa mana doka: kar wanda ya ba 'yarta komai na garin nan, ko ruwa ne, kuma kar matan gidan su ɗauke ta. Na ce mata to ta sa a yi wa yarinyar akwatin gilashi mana. Laraba ta ci gaba da shimfiɗa tabarma.

Ana tsakiyar damina taifot ya kama Zubaida. Tun tana daurewa har ta kai ba ta gane wanda ke kanta. Mai gari ya samo mana a-kori-kura, ni na riƙe ta har asibiti a Daura. Jaririyar ba ta yi wata uku ba, kuma ba yadda za a yi in haɗa jinyar uwa da rainon 'ya, ga hanya duk taɓo. Sai na bar ta wurin Laraba, da fida, wato kwalbar shayarwa, da gwangwanin madarar jarirai da mijin Zubaida ya taɓa kawowa, a kan cewa da mun isa zan sa 'yan gidansu su zo su ɗauke ta. Ruwa ya cinye hanya, ba wanda ya iya shiga ƙauyen sai bayan kwanaki. Da aka je aka tarar da yarinya lafiya lau, har ta ƙara kumatu, gwangwanin madara kuma ya kusa ƙarewa. Kowa ya yi ta sa wa Laraba albarka. Zubaida da ta warke ta ba ta turmin atamfa.

Muka gama makaranta, kowa ya kama gabansa. Lokacin ba waya a hannun kowa, in kun rabu kun rabu ke nan sai dai a gamu a biki ko a makoki. Zubaida ta bi mijinta Kaduna, daga can muka ji sun koma Abuja, labarinta ya ɓace mana. Ni na ɗan taɓa koyarwa na ga ba za ta kai ni ba, na koma sayar da atamfa da kayan kicin, na yi aure na fito, na sake yi. Laraba kuwa ba a daɗe ba Malam Ja'afaru ya kwanta ciwo ya rasu. An riga an yaye yaron, sai wan mamacin, Alhaji Jibril, ɗan kasuwa a Katsina, ya ce a ba shi ya riƙe. Ba ƙwace aka yi ba, kowa ya ga haka ya dace. Ina gidan ranar da aka tafi da shi. Laraba ta haɗa masa kayansa a leda, ta miƙa wa ƙanwarta ta kai mota, ita kuma ta shiga daka gero kamar ba ɗanta ake tafiya da shi ba.

Daga baya ta auri Malam Hussaini, wani tela mai shago a kasuwar Daura, ta dawo cikin gari, ta samu koyarwa a wata firamare. Aji ɗaya aka ba ta, kuma har gobe aji ɗaya take. Rabin matasan unguwarsu ita ta koya musu riƙe fensir, ta share musu majina. Ta haifi wasu 'ya'yan, babbarsu Fadila. Ranar da babu makaranta tana soya gyaɗa ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ni ma a wurinta nake saye, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini ragi ba, duk da zaman ɗaki ɗaya. Wannan ita ce rayuwar Laraba: makaranta, turmi, sallaya.

Musaddiq ya tashi a Katsina, matar Alhaji Jibril yake kira Umma. Ya yi karatun haɗa magunguna, ya samu aiki a Abuja. Yaro ne mai hankali, duk Sallah sai ya zo Daura gaida uwarsa. Na sha tarar da su. Zai durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, “Malama, ina wuni,” don haka ya ji kowa na kiran ta. Ita kuma za ta amsa, “Lafiya,” fuskarta na kallon murhu. Shi ke nan an gama hira. Sai dai in an zo zuba abinci, duk tsokar da ta fi kyau a tukunya kwanonsa take tafiya, Fadila ce mai kaiwa. Na sha yi mata faɗa. Na ce, “Laraba, wannan al'adar ko kakata ta gaji da ita ta ajiye. Ɗanki ne fa, ba surukinki ba.” Sai ta yi murmushi ta ce, “Ke dai Rabi, ba ki da ta ido.”

Da maganar aurensa ta taso, Alhaji Jibril da kansa ya zo Daura ya shaida musu cewa yaro ya samu mata a Abuja, an yi bincike, mutanen kirki ne, asalinsu ma 'yan Daura ne, an kai lefe an sa rana bayan babbar Sallah. Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce Allah ya sanya alheri, ta tashi ta shige ɗaki. Fadila ta yi ta bin ta da waya don ta ga hoton amarya, tana ture hannunta. Ni da na tambaye ta 'yar gidan wa ce, cewa ta yi, “Ina ruwana? Iyayensa na nan.” Ban matsa ba, don na san halin kayana.

A daidai wannan lokacin ne guruf ɗin 'yan ajinmu na WhatsApp ya kankama. Zulkifilu ne ya buɗe shi. Zulkifilun da a makaranta wando ɗaya gare shi, in ya wanke sai ya zauna a ɗaki har ya bushe, yanzu shi ke fitar wa 'yan kasuwa kaya a bodar Kongolam, tumbi ya yi gaba shi yana biye. Shi ya ce tunda kowa na zuwa gida hutun Sallah, a haɗu a Daura, ɗakin taro da abinci duk a wuyansa. Aka yi ta tono mutane ɗaya bayan ɗaya, har aka tono Zubaida, wadda ashe ta zama darakta a wata ma'aikata a Abuja. Ta turo murya ta ce tana nan tafe, kuma tana da albishir, sai mun haɗu. Laraba ba ta cikin guruf, wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila. Ni na je har gida na sa ta gaba, tana cewa tana da suyar gyaɗa, na ce gyaɗar ta jira.

Wai jama'a, ashe haka shekaru ke yi da mutane! Na shiga ɗakin nan ina neman 'yan ajinmu, sai na ga tsofaffi sun cika kujeru. Sabiru, wanda ya rantse shi da alli sai mutuwa, yanzu dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, wayoyi uku a aljihu. Wata da muke ganin ko ƙwai ba za ta iya soyawa ba ta zo da jikoki. Wani da ya fi kowa ƙoƙari a lissafi ya zo da sanda, ciwon suga ya cinye masa ƙafa. Wanda ya fi ba ni mamaki Ɗantsoho ne, sarkin barci a aji, wanda in malami ya tashe shi sai ya ce “Na'am, haka ne.” Wai shi ne alƙali a kotun shari'a, da rawani da gemu fari, mutane na russuna masa. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, in ce dai ba a kan shari'ar mutane kake gyangyaɗi ba?” Ya yi dariya ya ce in ji tsoron Allah. Aka yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a, ga su da yawa, sannan aka fara rabon shinkafa da kaji.

Ana cikin ci Zubaida ta shigo, cikin leshi mai nauyi, ƙamshinta ya riga ta isowa. Muka tashi da ihu muka rungume ta. A bayanta wani saurayi ne dogo, ya rungumo ɗaurin atamfofi har haɓarsa. Ta ɗaga hannu ta ce albishir ɗin ke nan, za ta aurar da 'yarta, ga anko ta kawo wa 'yan aji, kuma ga angon da kansa, direbanta ya tafi Sallah shi ya taimaka ya tuƙo ta.

Saurayin ya sauke kayan a kan tebur, na ga fuskarsa. Musaddiq ne.

Shi ma ya hango uwarsa a can ƙarshen layi inda ta raɓe da kofin zoɓo. Ya yi turus, sannan ya ratsa kujeru ya je ya durƙusa a gabanta.

“Malama, barka da Sallah.”

Zubaida ta ce, “A'a, Musaddiq, ka san ta ne? Ta koyar da kai?”

Ya ce, “Mama, ai ita ce mahaifiyata.”

Ɗakin ya kaure. Ni ce na fara rangaɗa guɗa, ba zan ɓoye ba. Zulkifilu ya hau buga tebur yana cewa, “Malam Ƙarami ne! Wallahi Malam Ƙarami ne!” Zubaida ta dafe ƙirji tana salati tana dariya, tana cewa ita dai an ce mata uwar yaron wata Malama Amatullah ce a Daura, maza ne suka yi binciken, ina za ta kawo Laraba a ranta? Maza na kabbara, mata na tafi, kowa na cewa ajinmu ya haɗa iri. Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska, duk muka ɗauka kunyar da ta saba ce.

Sai na ji ta damƙe mini hannu. Ta ce a hankali, “Rabi, tambayar mini ita, wacce ce cikin 'ya'yan nata?”

Zubaida ta ji. Ta ce, “Firdausi mana! 'Yarki ta ƙauye, wadda kika yi raino!”

Kofin zoɓon ya suɓuce ya jiƙa mata zane. Ta miƙe ba ta ko kalli zanen ba, ta fice ta ƙofar baya. Aka yi dariya, wani ya ce kunyar surukai ta motsa. Ni dai ban yarda kunya ce ba, sai na bi ta.

Na same ta a gindin wani dogonyaro a bayan ɗakin taron, ta dafa shi tana numfashi sama-sama. Na ce, “Ke lafiya? Hawan jini ne?”

Ta ce, “Rabi, auren nan ba zai yiwu ba. Na shayar da yarinyar nan.”

Ban fahimta ba da farko, ko kuma kunnena ne ya ƙi ɗauka. Na ce, “Kin shayar da wa?”

“Firdausi. Lokacin da kuka tafi asibiti. Ta ƙi karɓar fida, na yi na yi ta ƙi. Ta yi kuka har muryarta ta daina fita, idonta ya faɗa. Na ga za ta mutu a hannuna. Sai na ba ta nono. Shi a wannan gefe, ita a wannan, har ranar da aka zo ɗaukarta.”

Na ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To madarar fa? Na ga gwangwanin da idona, ya kusa ƙarewa.”

“A koko na riƙa zubawa ina sha.”

Na zauna a kan wani bulo. Ba sai an kira malami ya yi mana bayani ba, ko yarinyar Islamiyya ta san wanda kuka sha nono ɗaya da shi ɗan'uwanka ne, babu aure a tsakaninku. Daga cikin ɗakin muna jiyo Zulkifilu a lasifika yana cewa shi zai ɗauki nauyin motocin kai amarya.

Na ce, “Wa ya sani bayan ke?”

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Ta ce, “Allah ya sani. Je ki kira mini Zubaida da Alƙali.”

Na je na kira su. Zubaida ta fito tana dariya, tana cewa yau sai ta cire wa surukarta wannan kunyar. Laraba ta maimaita abin da ta faɗa mini, kalma ɗaya ba ta canza ba, idonta a ƙasa. Na ga dariyar Zubaida ta tsaya a fuskarta ta ƙi tafiya. Sannan ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa, da leshinta da komai.

Ta ce, “Ƙarya kike yi.” Ta ɗago ta dubi Laraba. Ta ce, “Wa ya sa ki? Laraba, wa ya sa ki?”

“Da in bar ta ta mutu?”

“To don me ba ki faɗa ba? Duk shekarun nan! Na ba ki atamfa kin karɓa, kin yi godiya, bakinki ƙanin ƙafarki!”

Laraba ta ce, “Kin ce ko ruwan garin kar a ba ta. Na ji tsoron ki, na ji tsoron mijinki. Na ce in an kwana biyu zan faɗa, sai aka gama makaranta kuka tafi. A raina na ce, ina ɗan Zango zai ga 'yar Kaduna.”

Zubaida ta juya wurin Ɗantsoho kamar za ta kama ƙafarsa. Ta ce, “Alƙali, maganar mace ɗaya ce fa. Babu shaida. Ko Rabi ba ta gani ba. An kai lefe, an raba goro, yarinyar nan shekara uku ba ta kula kowa ba sai shi.”

Ɗantsoho ya daɗe yana shafa gemu. Duk barkwancin nan nasa ya tafi. Ya ce, “Hajiya, in a kotu ne, akwai maganar malamai a kan shaidar mace ɗaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba a kotu muke ba. Kin san Laraba, na san Laraba. Me za ta ci da wannan ƙaryar? Kuma ki gaya mini, wane namiji ne zai zauna da mace bayan uwar da ta haife shi ta ce masa ƙanwarsa ce?”

Zubaida ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, kukan da ya fito da mutane daga ɗakin taro da cokula a hannu. Musaddiq na cikinsu. Ɗantsoho ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya kai shi cikin motarsa ya rufe ƙofa. Ta gilashi na ga yaron yana sauraro, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi saƙo, sannan ya kifa kansa a kan gwiwa. Taro ya watse a nan. Atamfofin anko suna kan tebur har aka zo kwashe kujeru, ba wanda ya taɓa su.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. An yi ta kai-kawo tsakanin Katsina da Abuja, mijin Zubaida ya nemi malamai har ya samu waɗanda suka ce masa a shari'ance ana iya ɗaurawa. Firdausi ce da kanta ta kashe maganar. An ce ta kulle kanta a ɗaki, da ta fito ta ce a mayar da lefe, ita ba za ta iya ba. Guruf ɗinmu ya rabu biyu, wasu na cewa Laraba ta ceci rai kuma ta ceci addini, wasu na cewa shirunta ne ya jawo komai. Zubaida ta fice daga guruf ɗin ba sallama. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, duka biyun nake ji. Ina jin haushin Laraba kamar in shaƙe ta, ina kuma tausayinta har in kasa cin abinci. Ta ci gaba da zuwa makaranta, ta ci gaba da matsar mai, amma ta zabge, zanenta har sai ta ninka shi sau biyu.

Bayan wasu makonni, wata ranar Asabar da hantsi, na je sayen mai na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ina zaune muna yi tare sai muka ji sallama. Musaddiq ne. Bai durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba ba, ya shigo har tsakar gida ya zauna a kan turmi, kusa da ita. Laraba ta juya masa gefe, hannunta bai daina ɓara ba. Na yunƙura zan ba su wuri, ya ce, “Gwaggo Rabi, zauna. In kin tashi ba za ta saurare ni ba.”

Ya ce, “Malama, ban zo in ce kin yi laifi da kika shayar da ita ba. Da ba ki yi ba, da babu ita. Ban kuma ce kin yi laifi da kika faɗa ba.” Sannan ya ce, “Shekara uku ina zuwa gidan nan da maganarta a bakina. Duk zuwan da na yi ina so in ce miki na samu wata, sunanta kaza, mamanta ma a Katsina ta yi kwaleji, ko kin san ta? Ba ki taɓa ba ni fuska ba. Da sau ɗaya kin ce, ‘Wace ce?’ da tun ba a je ko'ina ba an tsaya. Da yanzu ƙanwata ce ina zuwa gidansu ina cin tuwo. Yanzu ko a hanya na hango ta sai in canza titi.”

Gyaɗar ta ƙare a hannun Laraba, amma yatsunta ba su daina motsi ba. Na zuba mata ido ina addu'a a raina, Allah ka sa matar nan ta juyo ta dubi ɗanta yau ɗaya. Da ta buɗe baki, ni ta kalla.

“Rabi, ki ce masa ya yi haƙuri.”

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa mata kwanon gyaɗar. Yaron ya kalli bayan kanta. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

“Gwaggo Rabi, ki ce mata na ji.”

Fadila ta biyo shi da kwanon abinci har zaure, ya ce ya ƙoshi. Muka ji tashin motarsa, muka ji ta yi nisa. Can Laraba ta share fuska da bakin zane, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya kamar mai tsoron a ji ta.

“Rabi, ke da kika gan shi. Ya rame, ko?”

Na ce, “Ya rame ƙwarai.”